Haihuwar watan zafi: me za a sa wa jinjiri a Yamai?

Ummi (Bobiel): Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na daɗe ina karanta ku shiru, yau dai dole ta sa na buɗe baki. Cikina ya shiga wata 8, kuma na fari ne. A lissafin sajifam, wato ungozomar likita, haihuwar ƙarshen Afrilu ce ko farkon Mayu, kun kuwa san Yamai a wannan lokaci, ko ƙadangare inuwa yake nema. Maigida ya ba ni jaka 25 ya ce in ji da tufafin jinjiri. Jiya na shiga Babbar Kasuwa na fito hannu rabbana, don kaina ya ɗaure: wannan mai shago ya ce saiti mai hula da safa da safar hannu, wancan ya ɗago mini wata rigar leshi mai baza kamar ta amarya. Ga kuma Inna, mahaifiyar maigida, ta aiko daga gida da kayan ulu da ta sa aka saƙa, riga da wando da hula har da takalmi, ta ce su za a sa wa yaro tun daga likita har a yi arba'in. Ni taɓa su kawai na yi na ji zufa ta karyo mini. Don Allah wanne ne dole, wanne ne ado? Guda nawa zan saya, kuma wace lamba?

Maman Halifa (Talladje): Wa alaikumus salam, Allah ya sauke ki lafiya. Kafin komai cire jaka 15 ki ƙulle a bakin zane, ki shiga kasuwa da 10. Huɗu na haifa, kuma kayan da kowannensu ya sa ya kuma sawa ba su cika ƙaramin bokiti ba. Ranar suna za a tara miki riguna har ki rasa inda za ki zuba, duk iri ɗaya: kyau a ido, kaushi a jiki. Na yau da kullum ne ba mai kawo miki, don ba ya burge kowa in an buɗe leda gaban mata. To shi za ki saya.

Hajiya Inna (Tawa): Ke ɗiyata, wa ya aike ki kasuwa tun abu na ciki? Mu da munka tashi nan Adar ba a sayen kayan wanda ba a gani ba, riga malam masallaci ke nan. Kunya ma ba ta bari, balle ɗan fari. Tsohin zannuwa a ka wankewa a aje, in Allah ya kawo shi lahiya a naɗe shi ciki. Kuma kar ki raina aiken uwar mijinki. Sanyi shi ka kama jinjiri, ba zahi ba.

Maman Halifa: Hajiya ku gafarce ni, a zamaninku ɗaki ake haihuwa, zane na nan kan gado. Yanzu in naƙuda ta tashi ƙarfe 2 na dare taksi za a nema, kuma in kin isa abin da za a fara tambayarki shi ne ina jakarki. Lokacin Halifa na bi irin wannan shawara ban sayi komai ba, da safe aka tura babansu kasuwa. Ya dawo mini da wandon jins na ɗan shekara guda da takalmi mai ƙara in an taka. Har yau in na tuna sai na harare shi.

Tanti Sajifam: Sannunku da hira. Ummi, Allah ya raba lafiya. Shekara 19 ina karɓar haihuwa, kuma rabin maganar Hajiya gaskiya ce tsantsa. Jinjiri jiƙe yake fitowa, daga wuri mai ɗumi, kansa babba ne in an gwada da jikinsa, kitsensa kaɗan, kuma ba ya rawar ɗari irin wadda ke ɗumama babba. Shi ya sa ko a Afrilu muke tsane shi nan take, mu kawar da jiƙaƙƙen zanen, mu kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, mu rufe su tare da busasshen zane, mu sa masa hula. Shi ya sa kuma muke roƙo a jinkirta wankan farko har a yi awa 24, yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Na sha taɓa yaro in ji shi sanyi ƙalau a watan da manya ke bin mai ƙanƙara, don kawai an yi masa wanka an bar shi ƙarƙashin fanka.

Inda na rabu da Hajiya shi ne kwana 40 cikin ulu. Ma'aunin da muke koyarwa ba shi da wuya: abin da ke kika sa kika ji daidai, a ƙara masa guda, in ana sanyi biyu. To ke a Mayu me kike sawa a ɗaki da azahar? Ɗaurin ƙirji. Shi kuma riga ɗaya ta auduga marar nauyi da kush, wato kunzugun jinjiri, sun ishe shi, sai zane mai laushi kusa da hannu saboda asuba. A jakar zuwa likita ki sa tsofaffin zannuwa wankakku 5 ko 6, su ne gaba da komai, don su ake tsanewa da su, a shimfiɗa, a rufa. Sai riguna masu buɗewa ta gaba kamar 3, hula 2 ta auduga, safa 2. Sauran riguna 4 ko 5 su jira ki a gida. Takalmi kuwa, wanda ko zama bai iya ba ina za shi?

Hajiya Inna: To maɗigar hwa, malama? A bar ta buɗe iska ta shiga? Mu mun ga yaran da anka bari kai waje, mura ba ta sake su ba.

Tanti Sajifam: Hajiya, maɗiga ba rami ba ce. Ƙasusuwan kai ne ba su gama haɗewa ba, amma akwai fata da wani tantani mai ƙarfi a kai, iska ba ta da hanya. Takan rufe da kanta wajen wata 12 zuwa 18. Ni ma so nake a riƙa ganinta, don tana ba da labari: in ta lotsa ruwan jikinsa ya ragu, in ta kumbura yana kwance shiru ba kuka yake ba, a kawo shi maza. Hula mai kauri dare da rana ita ke ɓoye wannan. Mura kuwa daga hannu da numfashin masu zuwa barka take fi zuwa, kowa ya ɗauka ya sumbata.

Nafisa (Harobanda): Tanti ina da tambaya, ni ɗaliba ce a sashen likita na jami'ar Abdou Moumouni. Na karanta cewa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawarwarinta na 2022, ta ce in an wuce sa'o'in farko kar a bar wa jinjiri hula yana barci cikin ɗaki, don yawan zafi na daga abubuwan da ake dangantawa da mutuwar farat ɗaya cikin barci. Ita kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa hula. Wanne za mu ɗauka?

Tanti Sajifam: Duka biyu ƙanwata, kowanne da wurinsa. Ranar farko, bakwaini, yaron da bai kai kilo 2 da rabi ba, daren Janairu a Tawa ko Agadas: hula. Ɗan kilo 3 mai kwana 10 a ɗaki mai rufin kwano a Bukoki, ƙarfe 3 na rana an ɗauke wuta: cire masa, har rigar ma in ta kama. Kar ku auna da tafin hannu ko ƙafa, su kusan kullum sun fi sauran jiki sanyi, kuma su ke ruɗin kakanni a yi ta jibga kaya. Zura yatsa biyu a ƙeyarsa ko ƙirjinsa. Ɗumi a bushe, daidai ne. Damshi, gashi ya manne, fuska ta yi ja, rage. In kuna da ma'aunin zafi, lafiyayye tsakanin 36.5 da 37.5 yake. Ya kai 38, ko ya sauka ƙasa da 35.5, ko ya ƙi nono, an bar maganar tufafi, likita za a nufa ko da tsakar dare ne. Tun 2006 ƙa'ida ta ce duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likitar gwamnati.

Maman Halifa: Kyauta kam, amma ki tafi da jaka 15 ɗin nan da na ce ki ƙulle.

Maman ƴan biyu (Yantala): Nawa da kilo 1.9 da 2.1 suka zo, babu rigar da ta zauna musu, duk kamar an sa kaza a buhu. Sati uku tufafinsu kush da hula da safa ne kawai, sai ƙirjina. Ɗaya a nawa, ɗaya a na ƙanwata, a ɗaure da zane, mu ɗora babbar riga. Babansu da farko kunya yake ji, daga baya shi ke karɓar ɗaya bayan isha'i ya zauna yana jin labarai.

Tanti Sajifam: Goyon kangaru ke nan. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka faro shi a 1978, lokacin da kwalaben saka bakwaini suka yi musu kaɗan. Allah ya raya su.

Mai bosho (Wadata): Ni dai sayar da bosho, wato kayan gwanjo, sana'ata ce, kowa ya san inda zan karkata, amma ku saurara. A duk dila ba abin da ke fitowa da kyau kamar kayan jinjiri, don ɗan Bature ma wata biyu yake sa su ya wuce su, wasu har da takardar shago a jiki. Ban ɓoye miki ba, tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka daina zuwa kai tsaye daga Kwatano, sai an zagayo ta Lome da Burkina, kuɗi ya hau. Duk da haka bodi 6, rigunan nan masu maɓalli tsakanin ƙafa, ba za su cinye miki jaka 4 ba in kin iya zaɓe, kuma kika zo da sassafe ranar da aka fasa dila.

Maganar lamba: na Faransa da santimita suke tafiya. Wadda aka rubuta naissance 50 ce, ta wata ɗaya 54, ta wata uku 60. Yaro kuwa da tsawon 50 ko kusa da haka yake zuwa duniya, kin ga ranar da ya sa naissance ranar ta fara yi masa kaɗan. Ɗauki biyu na wata ɗaya, sauran duk na wata uku, in hannu ya yi tsawo a naɗe. Juya rigar ciki waje ki nemi ƴar takardar gefe, ki ga an sa 100% coton. Ɓalla maɓallan ƙasa ɗaya bayan ɗaya, in akwai mai tsatsa ko wanda ya saki, ajiye. Mai maɓalli a baya ma ajiye, yaron da ke kwana rigingine a kansu zai kwanta. Sannan ki duba wuya. Akwai masu ninki a kafaɗa, mutane na zaton ado ne. Ranar da kashi ya tsallake kush ya hau har gadon baya za ki gane: buɗe wuyan ake yi a zare rigar ta ƙasa, ba a bi da ita ta fuska ba.

Maman Halifa: Wallahi sai a na uku na san wannan. Biyu na farko sun sha kashi a gashi.

Maman Iman (Koira Kano): Ni dai a yi haƙuri, ba zan sa wa ɗan da na haifa jiya abin da ban san jikin wa ya fito ba. Warin dilar nan kaɗai ya ishe ni. Ɗan fari ne fa, sau ɗaya ake yi. In kuɗi ne matsala gara uku sababbi da goma na bosho.

Mai bosho: Sabon da ke rataye a kasuwa wata shida yana shan hazo, kowa ya wuce ya shafa, shi jikin wa ya fito? Kuma yawancin saitin nan masu arha leda ce zalla, ƙyalli kawai. Ban hana ki sabo ba Hajiya, in kin samu na auduga saya. Uku dai ba sa kai yaro la'asar.

Maman Iman: Ai ana wanki.

Maman ƴan biyu: Wa zai yi? Mai jego? Kuma a unguwarmu sai famfo ya kwana biyu bai ɗiga ba, sai mai garuwa.

Tanti Sajifam: Sabo da bosho hukuncinsu ɗaya a wurina: ba ya taɓa jikin yaro sai an wanke. Sabulun sanda marar ƙamshi, a ɗauraye sau uku har ruwa ya fita fes, don ragowar garin sabulu da jabel su ke cin fatar wuya da matsematsi. A shanya a igiya cikin rana, ba a ƙasa ba, ba kan dangar maƙwabta ba. Da damina a goge, ko da dutsen gawayi ne. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a kaya masu damshi, musamman masu warin fitsari, tsutsar ta shige fata ta zama kamar maruru. Zafin guga na kashe ƙwan.

Maman Sadiya (Lazare): Salamu alaikum, wannan maigidan Maman Sadiya ne, a yi mini afuwa na shigo zauren mata, ita ta miƙo mini wayar ta ce in yi bayani da kaina. Ni tela ne. Ƴata Ummi, in kina da tsohuwar atamfa da ta sha wanki har ta yi laushi kamar tsumma, ko yadin auduga marar kauri, kai wa telan unguwarku ki ce rigar da ke haɗewa ta gaba, ɓari ya hau kan ɓari, a ɗaure a gefe da gajeren igiya. Mita ɗaya na fitar da 4. Ki ce masa kar ya sa roba a hannu ko ƙugu, kar ya sa zif, kuma ɗinkin ya juyo waje, gefen da ya yi sumul shi ne a jiki. Zai ce miki ba kyau, ki ce kin ji. Sabuwar atamfa da shadda ku bar wa manya, taurinsu sai ya kankare wuyan yaro. Duk sati ana kawo mini shadda a ce a yi wa ɗan kwana 7 babbar riga da aiki iri ɗaya da ta ubansa. Ina yi, abincina ne, amma ina cewa a sa masa farar shimi a ciki, ana gama hoto a cire.

In kina shakkar yadi, zare zare ɗaya daga baki ki kanga masa ashana. Auduga takan ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi, kin murza ta watse. Leda kuwa narkewa take ta dunƙule, ta bar ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Na gode, ga mai wayar.

Maman Halifa: Malam tela mun gode. Maman Sadiya ki riƙe shi da kyau.

Maman Sadik (Banifandu): Ni abin da zan faɗa ba na saye ba ne, na ajiya ne, kuma har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake. Da zan haifi Sadik ban sayi komai ba, kayan yayarsa na nan a akwati shekara uku, na zuba musu ƙwallayen kafur saboda kyankyaso da asu. Na fito da su, na wanke sau ɗaya, ƙamshin na nan, ni kuma a zatona ƙamshin tsabta ne. Kwana huɗu da haihuwa na ga idonsa ya yi ɗorawa, washegari har tafin ƙafa, nono ma sai na tashe shi da ƙyar. Maƙwabciya ta ce ciwon shawara ne, a shanya shi a hantsi. Allah ya sa babansa ya ƙi, muka tafi likita. Kwana biyar yana ƙarƙashin fitila shuɗiya, ido a rufe, ba komai jikinsa sai kush. Likitan da ya duba shi ya ɗauki hular da na cire masa, ya kai hanci, ya dube ni ya ce, a ina kike ajiye kayansa? Kunya da tsoro suka haɗu mini. Yanzu shekararsa biyar, lafiya lau, amma kafur bai sake shiga gidana ba.

Nafisa: Allahu akbar. Wannan mun yi shi a aji. Fararen ƙwallayen nan yawanci naftalin ne. Akwai yaran da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jajayen ƙwayoyin jini, G6PD ake ce masa, gado ne, ya fi bayyana ga maza, kuma yana da yawa a ƙasashen da ke da zazzaɓin sauro irin namu. In irin wannan yaro ya shaƙi naftalin ko ya shiga ta fata, ƙwayoyin jinin sai su farfashe, shawara ta hau da sauri, in ta yi yawa ta taɓa ƙwaƙwalwa. Matsalar ita ce ba a gane yaron da ido, kuma naftalin ba ya narkewa sosai a ruwa, wanki ɗaya ba ya fitar da shi.

Tanti Sajifam: Haka ne. Duk kayan da suka kwana da kafur, in dai hanci na jin sa, ba na jinjiri ba ne tukuna. A baza a rana da iska kwanaki, a wanke, a sake. Kuma tunda an zo nan: turaren wuta a yi wa ɗaki lokacin da yaro ba ya ciki, kar a kifa kayansa kan kasko. Hoda ma ku rage, ƙurajen zafi iska da wanka suke so, ba farin gari a fuska ba.

Ummi: Innalillahi. Zannuwan da na ware ma daga akwatin Mama suke, yanzu na je na shinshina, akwai shi. Na fitar da su igiya. Maman Sadik Allah ya saka. To kush fa, na yarwa ko na wanki?

Maman ƴan biyu: Yi lissafi da kanki. Sabon haihuwa yana ɓata 8 zuwa 10 a yini, a wata kusan 300 ke nan, ni kuma sau biyu. Da rana tsumma nake sa musu, tsohon zane da tawul mai laushi na yayyanka murabba'i, na shimfiɗa leda ƙarƙashin zanen gado. Na yarwa sai dare da zuwa awo. Abin da na hana shi ne wandon roban nan da ake ɗorawa kan tsumma, da zafi dafa yaro yake. Kuma duk wanda kika sa, ninke bakinsa ƙasa da cibiya har ta faɗi.

Tanti Sajifam: Ta faɗa daidai. Cibiya iska take so, cikin sati ɗaya zuwa biyu takan bushe ta faɗi. Ba ɗaurin ciki, ba toka, ba man goge baki, sai abin da aka ba ki a likita. Wannan ma dalili ne na fifita rigar Malam tela a kwanakin farko a kan wando mai roba. Abu na ƙarshe in tafi aiki: ranar zuwa rigakafi ina ganin yara a goye, an rufa tawul, an kuma saukar da dogon hijabi na leda a kai, a yi tafiya cikin rana. In an kwance sai ka ga yaro kamar an tsamo shi daga tukunya. Zane ɗaya marar nauyi, fuska a waje, lema in akwai. Kuma zafi ba dalilin ba shi ruwa ba ne kafin wata 6, nono za a ƙara.

Ummi: Duk na rubuta. Amma babbar matsalar tana nan: Inna za ta zo zaman jego, ita za ta yi masa wanka ta shirya shi. Ni wace ce in ce mata kar ta sa ulun da ta kashe kuɗinta? Maigida ma ba zai iya ba.

Maman Iman: Ɓoye shi ki ce an manta a likita.

Maman Halifa: A'a, ƙarya da uwar miji ba ta kwana. Ki bari sajifam ta faɗa a gabanta, tsofaffi na jin maganar mai farar riga fiye da ta suruka.

Hajiya Inna: Ku dakata, ni uwar miji ce, ni na san abin da a ka ji. Ba ulun ne damuwarta ba, so ta kai a ga hannunta jikin jikanta. Na karanta abin da malama ta rubuta, ban ƙi ba, zahin Yamai ba irin namu ba ne, kuma nawa jikokin da na naɗe cikin ɗari anka haife su. Ɗiyata, kira ta gobe da sahe ki gaishe ta, ki ce kaya sun iso kin gode ƙwarai. Sannan ki ce, Inna, likita sun ce in taho da tsohin zannuwa masu laushi, ni kuwa nawa duk sabbi ne na aure, ko za ki taimake ni da naki, ni so ni kai abin da za a fara naɗe shi ciki ya zan naki ne. Ki gani in ba ta kwance adaka ba. In ta ga shi cikin zanenta, ulu ba shi dame ta. Ranar suna da sahe kahin rana ta ɗaga ki sa mishi ulun da hannunki, a ɗauki hoto ita na riƙe da shi, sannan ki ce Inna taɓa ƙeyarshi ki ji. Ita da kanta za ta tuɓe mishi.

Maman Halifa: Hajiya, na sara muku. Da na san ku shekara goma da suka wuce da ban yi yaji ba.

Ummi: Salamu alaikum, na dawo da albishir. Allah ya sauke ni lafiya daren 3 ga Mayu, mace, kilo 2.9, jiya aka yi suna. Abin da na kashe jaka 9 da dala 100: bodi 6 wajen Hajiya mai bosho, riguna 4 na tela daga tsohuwar atamfar Mama, hula 2, safa 2, sai sange ƙarami. Safar ma sau ɗaya aka sa. Rigunan tela su muka fi sawa, bodin na wata uku har yanzu ƙafarta ɓacewa take a ciki. Inna ta zo da zannuwa 7, ɗaya ta ce a ciki ta goyi maigida, ya koɗe har ba a gane zanen fulawar, amma laushinsa kamar auduga a hannu. Na shinshina duka, ba kafur, ganyen darbejiya take sawa. Na barka kuwa Maman Halifa kin yi gaskiya, rigunan leshi 11, takalma 5, ga su nan a leda. Ulun an sa jiya ƙarfe 8, bai yi minti goma ba yarinya ta tsandara kuka, Inna ta zura hannu a ƙeya ta ce kai, wannan gari naku ba na mutane ba ne, ta cire da kanta.

Tanti Sajifam: Barka da arziki, Allah ya raya. Kar ki manta rigakafin sati 6, a cinya ake yi, sa mata mai buɗewa ta ƙasa.

Hajiya Inna: Barka ɗiyata, Allah shi raya muna. Matar ɗana na nan Tawa watan Disamba za ta haihu, in ulun ba shi da aiki aiko shi cikin motar Rimbo.

Ummi: Hajiya da na so, amma Inna ta riga ta ninke shi ta ce a ajiye wa ƙanenta, wai a yi dabara na gaba ya zo da sanyi.

Maman Sadik: Ajiye, amma ban da kafur.